Baba Ƙyaure, Ɓarawon da Bai Taɓa Lalata Ƙofa Ba

Haihuwa da ilimi

An haifi marigayi Baba Ƙyaure a shekarar 1941, a wani gari da titin jirgin ƙasa ya raba biyu. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa mai ɗinki, kuma daga gare su ya gaji larurar da ta bi shi har kabari, wato ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. An sa shi makaranta a 1948, aka sallame shi a 1952, bayan ya cire ƙofar ofishin hedimasta domin ya gyara mata zama alhali hedimastan yana ciki yana barcin rana. Daga nan ya koma shagon mahaifinsa, inda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana koyon rataya ƙofa.

Sana'a

A 1963 mahaifinsa ya rasu, shago ya mutu, marigayin kuma ya karkata ga dukiyar jama'a. Tarihi ba zai rufa masa asiri a kan wannan ba, amma adalci ne a ambaci ƙa'idojinsa. Bai taɓa riƙe makami ba, saboda haka tuhumar fashi ba ta taɓa hawa kansa ba. Bai taɓa fita da dare ba, domin a ra'ayinsa aikin katako yana son haske. Da hantsi yake zuwa, masu gida suna wurin aiki, fensir a bayan kunne, ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da ƙyaure, ya jingine shi a bango, ya ɗauki rediyo ko keken ɗinki, sa'an nan ya mayar da ƙyauren, ya kankare inda yake cijewa, ya ɗiga masa mai. Maƙwabta sukan yi masa sannu da aiki, wata tsohuwa ma ta taɓa aika masa da ruwan sha.

A 1966 wani sajan mai nazari ya lura cewa duk gidan da aka yi wa sata a unguwar, ƙofarsa ta daina ƙara. An kama marigayin, ya amsa laifin sata da na shiga gida ba izini ba tare da gardama ba, aka ɗaure shi shekara biyu. Kafin ya fito ya gyara ƙofofin gidan yari talatin da huɗu, ciki har da ta ɗakinsa, wadda ya iske ba ta kulluwa sosai.

Aure da iyali

A 1969 ya auri 'yar wani mai sayar da kwaɗon ƙofa, wanda ya ba da ita da murna bisa hujjar cewa surukin nasa ne ke kawo masa ciniki. Uwargida mace ce mai haƙuri, kodayake ta sha faɗa wa dangi cewa a duk garin ƙofar ɗakin mijinta ce kaɗai ke jiran gyara.

Shari'ar mai atamfa

A watan Mayu na 1974 aka sake gurfanar da shi, bisa ƙarar wani mai sayar da atamfa, kuma wannan karon tuhuma uku ce: sata, shiga gida ba izini, da ɓarnata dukiya, domin an kawo ƙyauren gidan mai ƙarar gaban kotu a tsage gida biyu. Marigayin ya amsa biyun farko tun kafin magatakarda ya gama karantawa. Da aka zo ta uku sai ya tashi, ya shafa tsagar da hannu, hawaye ya zubo masa, ya ce: "Ranka ya daɗe, rediyo ni na ɗauka, a ɗaure ni. Amma wannan aika-aikar ba hannuna ba ne." Alƙali bai gamsu ba, ya yanke masa shekara uku, da ƙarin wata shida na ɓarna.

Shekara ukun ba su dame shi ba. Wata shidan nan ne suka zame masa ciwo, domin kafintocin gari sun riƙa kiransa mai tsaga katako, kuma ga ɗan kafinta babu zagin da ya kai wannan. Da ya fito a 1977 ya tuba daga sata, ya buɗe shago, ya kuma duƙufa wajen rubuta takardun neman a wanke shi. Ya rubuta goma sha tara cikin shekara goma sha tara, kowacce tana farawa da tabbatar wa hukuma cewa shi ɓarawo ne na gaskiya.

Wankewa

A 1996 mai atamfa, da tsufa ya kama shi, ya je kotu da kansa ya yi rantsuwa. Ya bayyana cewa shekara goma ƙofar tana cijewa, har ya saba ja da baya ya banke ta da kafaɗa. Ranar da aka yi satar ya dawo ya banke ta yadda ya saba, bai san an gyara ba, ita kuwa ta buɗe kamar labule, ta daki bango ta tsage, shi ma ya zarce ya faɗa kan tukunyar matarsa. Kunya ce ta sa ya ɗora wa ɓarawo. Kotu ta soke hukuncin ɓarna, ta bar sauran biyun, kuma marigayin ya sa takardar a gilashi ya rataye a shagonsa. An ce ranar ya yi kukan farin ciki, kashegari kuma ya je ya gyara wa mai atamfa taga kyauta.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Maris, 2003, yana da shekara sittin da biyu, a ɗakinsa, bayan ya sa sakata ta ciki ya kwanta hutun rana. Maƙwabta sun zo da gatari, amma babbar 'yarsa ta tare ƙofar, ta ce: "Ku yi wa Allah, kada a fara da tasa." Ta ɗauko sukudireban mahaifinta, ta kwance ƙyauren, aka jingine shi a bango, aka fito da mamacin, aka yi masa sutura, aka binne shi da la'asar kusa da mahaifinsa.

Ya bar uwargida da 'ya'ya huɗu: babbar, wadda ta gaji shago, mai bi mata, ɗan sanda, na uku, gandiroba, da auta, mai gadin banki. Kafin masu rakiya su dawo daga maƙabarta an mayar da ƙofar, kuma uwargida ta shaida cewa ranar ce ta fara rufuwa ba ƙara. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa rediyoyin.