Taurarin da Inna Ta Ƙi Ɗauka

Shekarar da ciwon gwiwa ya zaunar da Innata a ɗaki, na ga abin da har yau in na ba da labarinsa a majalisa sai a ce na ƙara gishiri. Ina ƙarawa, ban musa ba, amma wannan da gishirinsa ya zo.

Matar da ta shekara arba'in tana zaga Fagge a ƙafa, daga gidan suna zuwa gidan gaisuwa, ita likita ya ce ta zauna wuri ɗaya. Zaman ya fi ciwon cin ta. Ta daina hira, tuwo ma sai an yi da gaske. Sai na je Sabon Gari na sayo mata waya wurin wani mai gyara, ɗan ƙabilar Ibo haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya zuba mata karatu da wa'azi, ya ƙara da wani wasa: ɗan mutum ne gajere yana gudu yana tsallake ramuka, taurari suna reto a kan hanyarsa.

Na ɗauka ko kallonsa ba za ta yi ba. Kafin wata biyu babban yatsan Inna har kanta ya yi. In ka yi sallama bayan azahar sai ka ji, "Dakata, yaron nan yana bakin rami!" Dariya ta dawo, kwano yana fitowa wayam.

Rannan na shiga na tarar ta kife wayar, ga tuwo a gefe ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Sun rufe mini ƙofa," ta ce.

Ɗan mutumin nata ya isa wata ƙatuwar ƙofa, kwana huɗu yana tsalle a gabanta ta ƙi buɗuwa. Na ga shirun nan na da yana neman dawowa. Na ɗauki wayar, na tari adaidaita sahu, sai Sabon Gari.

"Wayarka ta lalace," na ce wa mai gyara, "har ta sa tsohuwa yajin cin abinci."

Ya duba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Alhaji, wa yake buga wannan?"

"Innata."

"Ƙofar nan sai an tara taurari arba'in take buɗewa. Ka san nawa Mama ta tara?"

Ya juyo mini fuskar wayar. Sifili! Ko ɗaya babu.

"Ba ta iya ba ke nan," na ce.

"Ba ta iya ba? Taurarin nan a tsakiyar hanya suke, ko ido rufe ka yi tsalle sai ka kwashi goma. Kauce musu ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har mataki goma sha biyu! Ni da nake wannan sana'ar ba zan iya ba."

Sai da na nemi benci na zauna. Na kira wayar matata, aka miƙa wa Inna, na buɗe muryar kowa ya ji.

"Inna, me ya sa ba kya ɗaukar taurarin?"

"Na wane ne?"

"Na wasan ne mana."

"Wasan ba shi da mai shi? Kai sai ka ga abu yashe a hanya, ba ka yi cigiya ba, ba a ce maka ga shi ba, ka zuba a aljihu? Haka na rene ka? Yaron nan ba zai zama ɓarawo a hannuna ba."

Mai sayar da caja da ke bakin ƙofa ya saki baki har ƙuda ya leƙa ya fito. Can mai gyara ya karɓi wayar daga hannuna.

"Mama, ina wuni? Ni na zuba wasan nan. Taurarin na ba ki su kyauta, halak malak."

"Da shaidu?"

"Ga Alhaji, ga mai caja."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ce ya kawo mini wayata, kuma a ɗumama mini tuwon nan."

Kwana uku ƙofa ta buɗe. Na karɓi wayar na duba: arba'in cif. Na koma matakan baya, ga taurari nan birjik suna reto, ta bi ta gefensu ta wuce.

"Inna, ai kin bar wasu da yawa."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Arba'in aka ce. Ni kaɗai ce a garin? Na baya fa, me za su buɗe tasu ƙofar da shi?"