Ruwan Gahawar Hajiya Hure

Hajiya Hure ta dawo Katsina bayan ta shafe shekaru tana aikin girki a gidan wasu Larabawa a Jidda. Ta tafi da ƙuruciyarta, ta dawo da furfura da ciwon gwiwa. Mijin da ta bi can ya rasu, haihuwa kuma Allah bai ba ta ba. Yayanta Malam Giɗaɗo, wanda ke karantar da magidanta a zaurensa na Ƙofar Guga, ya gyara mata ɗakin marigayiya mahaifiyarsu ya ce ta zauna.

Zaman banza bai karɓe ta ba. Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne gahawa. Takan soya 'ya'yan a kasko har ƙamshi ya cika unguwa, ta daka a ƙaramin turmi, ta dafa. Sai dai mutanen gidan da sun kurɓa sai su yamutsa fuska, su ce kamar maganin shawara. Da ta ga bakin Katsinawa zaƙi yake so, sai ta canza dabara. Ta jiƙa dabino ta tace, ta haɗa da gahawa mai ƙarfi da citta da kanumfari, ta ɗura a kwalabe. Idan aka tsiyaya kaɗan a madara mai sanyi, mutum sai ya nemi ƙari. Daga matan gida abin ya kai maƙwabta, daga nan ya fara fita unguwa.

Cikin tsananin bazara wata Hajiya Rahama ta Ƙofar Sauri ta aiko a yi mata na sunan jikarta. Hure, don gudun makara, ta haɗa tun da sauran kwanaki ta jera a ɗakin ajiya. Ranar sunan, tsakar gidan Hajiya Rahama cike da mata, Hure na cikinsu, aka kawo madara, aka miƙo kwalba. Ana murɗa murfin ya yi sama, kumfa ta yi tsiri ta wanke mayafin mai jego. Wani wari mai tsami ya tashi.

"Wannan ai warin giya ne," in ji wata tsohuwa, ba ta ma ɗaga murya ba.

Hure ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta san yadda ta gano takalmanta ba. Kafin magariba labari ya riga ta isa gida, wai ƙanwar Malam ta koyo haɗa barasa a waje.

Malam Giɗaɗo ya shigo ya same ta zaune a bakin ɗaki.

"Hure, mi kika zuba a ciki?"

"Wallahi Yaya, dabino ne da gahawa da kayan yaji. Ban san komai ba bayan su."

"Na yarda da ke. Amma abin da ya juya ya juya, zubar da shi za a yi."

Da hannunta ta tsiyaye sauran kwalaben a makwarara tana kuka. Ta daina fita, ko islamiyya ba ta zuwa.

Fadila, babbar ɗiyar Malam, malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Ta zo daga gidan mijinta ta zauna kusa da ita ta sa ta faɗi yadda take haɗawa tun daga farko.

"Gwaggo, ba ki dafa ruwan dabinon ba, kuma ya yi tsinkewa. Kin san yadda ƙullun waina ke tashi idan ya kwana cikin zafi? To haka ya yi a cikin kwalba. Ki dafa shi har ya yi kauri kamar zuma, ki tafasa kwalaben su ma, ki ɗura da zafinsa ki rufe."

"Ni na bar wannan sana'a, Fadila."

"In kika bari yanzu, maganar da suka yi ita za ta zamna."

Washegari Hure ta hura gawayi. Na farko ya ƙone ya kama gindin tukunya. Na biyu ya daskare ya zama alewa, sai da aka fasa kwalbar. Ta yi ta gwadawa tana rage wuta, tana ɗiga ruwan a kan faranti tana duba yadda yake gangarowa, har ta gane lokacin da ake saukewa. Sannan ta ɗora kwalabe a kan kwanon ɗakinta, ta bar su rana na dukansu har ruwan sama ya sauka. Da ta buɗe, babu kumfa, babu tsami, sai ƙamshi.

Ta saka lulluɓi ta ɗauki ɗaya ta nufi Ƙofar Sauri. Hajiya Rahama ta karɓe ta a ɗan daƙile. Bayan an gaisa an tambayi jaririya, Hure ta ba da haƙuri kan abin da ya faru, ta bayyana dalili, ta miƙa kwalbar.

"Hajiya, wagga tun bazara take cikin rana. Ke nake so ki buɗe."

Rahama ta nesanta ta da fuskarta ta murɗa a hankali. Shiru. Ta sunsuna, ta lakata da yatsa ta lasa, sai dariya ta kama su duka biyu. Nan take ta aika aka kira maƙwabta aka dama madara.

A can gida kuma Malam ya sa aka fito da babban kofi na madarar da aka dama da ruwan gahawar zuwa zaure bayan karatun la'asar. Ya yi bismilla ya sha a gaban ɗalibansa, ya miƙa wa na kusa da shi. Cikinsu akwai Alhaji Nu'uman, mai shagon kayan masarufi a Babbar Kasuwa. Ya shanye nasa ya ce a tambayi Hajiya Hure ko za ta riƙa kawo masa shago.

Yanzu an yi mata rumfar girki a bayan gida, mata huɗu na unguwar suna aiki tare da ita, duk zawarawa. Ita ke soya gahawar da kanta, ita ke cewa a sauke tukunya, ba ta bar wa kowa wannan ba. Da azumi tun kafin la'asar kwalaben Alhaji Nu'uman ke ƙarewa.

Kwanan baya wata 'yar kasuwa daga Maraɗi ta bugo waya tana son kwali-kwali. Hure ta hau Keke Napep da kayan har tasha, duk da gwiwa na damunta. Ta tsaya a kan yaran mota sai da suka sa kwalayen inda buhuna ba za su danne su ba. Direban ya duba sunan da ke jiki ya ce matarsa ma tana saye.

"To ka tuƙa a hankali," in ji ta. "In sun isa lafiya, akwai taka kwalbar idan ka dawo."