Abin da Ke Bayan Takardar Mukayyif

Talatar da na kusa sa gidanmu duka ya ɗaure kaya ya koma Sudan ba za ta taɓa fita raina ba. Ku ƙannena da za ku fara zama shagon Baba a wannan hutun, ku buɗe kunne.

Kun san aikin shagonmu na unguwar Bani Malik: buga takardu da ɗinke kundin ɗalibai. Baba ke gudanar da shi, amma mai shi Ammu Abu Faisal ne, kafilin Baba, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, wanda iƙamarmu duka, takardar izinin zama, ke rataye da sa hannunsa. A hutun bara ni ce mai ɗakin baya. In gyara rubutu a kwamfuta, in buga, in ware takardun da suka lalace. Warewar tana da ƙa'ida. Wadda ke da sunan Allah sai kwali kore, ba mai taɓa ta. Sauran su shiga jan kwali mu yi rubutu a bayansu, domin Baba gara ya yar da takalminsa da ya yar da takarda mai fari a gefe ɗaya.

A makon wannan Talatar ne Anti Hadiza ta kawo kundinta. 'Yar Najeriya ce, tana aikin gwajin jini a wani asibiti, tana kuma karatun tarihi daga nesa. A ciki na ga wasu haruffa kamar an jera ƙananan kujeru.

"Anti, wannan wane yare ne?"

"Ibrananci. Ina nazarin yadda tsofaffin littattafan Bani Isra'ila suka ba da labarin sarakunansu. Kin ga, marubucin fada sarki ke ciyar da shi, yabo dole ne. Sai wani ya rubuta cewa dawakin sarki ba su ƙirguwa, mutanen da ya kwasa aikin gini kuwa dubbai. Kamar kirari. Alhali dokarsu ta hana sarki tara dawaki, kuma 'ya'yan talakawa aka kwasa. Sarki ya ji daɗi, talaka ya gane."

Na ce a raina, wannan ilimin bai kamata ya tsufa a kwamfuta ba.

Lokacin mukayyif ɗinmu, na'urar sanyi, ya yi mako uku a mace. Zafin ɗakin baya zai iya dafa ƙwai a aljihu. Duk Talata direban Ammu yakan zo ya karɓi jerin abubuwan da shago ke buƙata, kuma ni ke rubutawa, tunda Larabcina ya fi na Baba. Na zaro takarda a jan kwali na rubuta: "Muna godiya ga Ammu mai karamci, wanda ya tausaya wa mukayyif ya ba shi hutun mako uku. Albarkacinsa mun rame ba tare da shan magani ba." Na ninke na miƙa wa direba, ina jin kaina babbar marubuciyar fada.

Bayan azahar Anti ta dawo neman shafin taƙaitawa na Larabci da tawada ta ɓata, don ta yi gyara da biro a kansa. Na zazzage jan kwali. Babu. Sai na tuna takardar da na miƙa wa direba.

A saman shafin an rubuta da manyan baƙaƙe: "Farfaganda da ɓoyayyen sukar sarki." Layin da ke ƙasa, mai cewa a tsofaffin littattafan Ibrananci ne, shi tawadar ta cinye.

Da na faɗa wa Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan kwalin takarda.

"Ya binti, wata mai zuwa za a sabunta iƙama. Takarda ta fita daga shagona tana maganar sukar sarki, da rubutun hannun 'yata a jikinta. A ƙasar da sarki ke mulki, wa zai tsaya tambayar wane sarki?"

Anti ta ce ba inda za ta sai an warware.

Bayan la'asar motar Ammu ta tsaya. Ya shigo da takardar a hannu, fuska ba annuri. Ni kuwa a raina har na fara zaɓen kayan da zan saka a akwati.

"Esh hada, ya Abu Ummi?" ya tambayi Baba, wato mene ne wannan, baban Ummi (ni ke nan), yana nuna bayan takardar.

Anti ta buɗe masa kundin ta yi bayani da Larabcinta na asibiti. Ya saurara har ƙarshe.

"Sarakunan nan suna raye?"

"Sun yi shekaru dubbai a ƙasa, ya Ammu."

"Halas, shi ke nan, ba ruwana da su." Ya juya takardar ya dube ni. "Amma wannan marubuciyar tana raye."



"Wallahi na karanta na ji daɗi," in ji shi. "Har na nuna wa matata Ummu Faisal, na ce ga yarinya mai tarbiyya. Ita ce ta juya takardar ta karanta bayan, ta sake karanta gaban, ta yi ta dariya har shayi ya sarƙe ta. Shekara talatin tana cewa ni marowaci ne, yau ta samu shaida a rubuce."

Dariya ta ƙwace masa.

Washegari mai gyaran mukayyif ya zo, wata na zagayowa aka sabunta iƙama. Hukuncina shi ne duk jerin Talata in rubuta shi a sabuwar takarda, abin da ya lalace in ce ya lalace.

Saboda haka, a wannan sana'ar kada takarda ta fita shago sai kun duba gabanta da bayanta. Marubutan da Anti ke nazari sun fi ni wayo, domin a cikinsu babu wanda ya aika wa sarki yabo da bayanin dabarar manne a baya. Baba kuwa har gobe, in na ce masa abinci ya yi daɗi, sai ya tambaye ni me ya rasa.