Dawar da Na Wanke Saboda Kirsimeti

Gidajen Kirista a ƙauyenmu ba su da yawa. Kakanninmu daga wajen Zuru suka zo noma, suka zauna a wata 'yar tunga kusa da Gwashi, a nan aka haife ni. Ba mu san ana sayen kayan ado a kasuwa ba. Idan Kirsimeti ya rage mako biyu, hatsi ya shiga rumbu, sai Kaka ta sa a hura wuta a tsakar gida bayan an ci tuwo, ta raba mana aiki. Yayata Rifkatu tana yanka tsofaffin littattafan makaranta, tana liƙa su da ƙaro su zama sarƙa. Ni ina fere sillen kara ina haɗa taurari. Kaka kuwa kaba take rinawa da karan dafi, ta kitsa ja da fari. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya tana tafiya ne muddin hannu yana tafiya. Ka saki baki kana kallonta, ita ma sai ta yi shiru.

"Maigidana ya aje aiki," haka take tsokanata. "To ni ma na aje magana. Mu kwan hakanan."

Adon da ya fi daraja a gidan ba mu muke yin sa ba. Kaka tana da wata dawa mai saurin nuna da ta taho da ita daga garinsu. Kowace shekara takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta haɗa ɗan dami ta ɗaure, ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya hana ƙwaro ci. Da Kirsimeti kaɗai ake sauko da ita a rataye a bakin ƙofa don godiya ga Allah, bayan sabuwar shekara a mayar. Ita ce irin da ake shukawa, kuma ita ke ciyar da mu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauran hatsi bai nuna ba.

Shekarar da nake aji huɗu, aka sauko da ita na ga ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Raina bai so ba. Ga taurarina farare tas, ga wannan baƙin abu a tsakiyarsu. Da rana gida ya yi shiru, na tarar da ruwan da Kaka ta ɗora don rini yana tafasa. Na tsoma zangarniyar duka a ciki, na bar ta har ruwan ya yi baƙi, na zubar na ɗora wani. Na shanya ta a bayan rumbu, da yamma na rataye. Ta yi fes.

"Wa ya wanke min iri?" in ji Kaka.

"Ni ne," na ce, ina jiran yabo.

"Da wane ruwa?"

Yadda ta yi tambayar ne ya sa na gane na yi ɓarna. Na ce, "Na randa."

Ta ciri ƙwaya ɗaya ta tauna, ta daɗe tana taunawa. Da muka zauna bakin wuta ta ce, "Ga wata tafe, ku gusa mata." Muka ce, "Ta samu wuri."

Wai Damina baƙuwa ce, sau ɗaya take zuwa gari a shekara, kowa ya fito mata da abin da ya ajiye. Akwai wani mutum mai son a ce nasa ya fi. Da ya ji tana hanya, sai ya ɗauki hatsinsa ya soya a kasko har ya yi ja yana ƙamshi, ya zuba a sabuwar ƙwarya. Maƙwabciyarsa tsohuwa ba ta da komai sai ɗan hatsi a wani baƙin gora mai warin hayaƙi. Damina ta iso ta ce ita ba ta cin komai, abin da aka ba ta binnewa take yi ta mayar wa mai shi da ƙari. Ta karɓi na tsohuwa. Da ta zo kan ƙwaryar mutumin ta ce, "Wanga da rai?" Ya dubi jama'a, kunya ta kama shi, ya ce da rai. Ta binne, ta yi ta zuba ruwa. Na tsohuwa ya tsiro, nasa shiru. Ta dawo ta ce, "Har yanzu ina gari. Gaya min gaskiya, da rai?" Ya ce jinkiri ne kawai yake yi, a ƙara masa kwana. Ranar da ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi, Damina ta riga ta ɗaure kayanta ta yi kudu.

"Suyar ba ita ta kashe gidanai ba," in ji Kaka, idonta a kan kabarta. "Kowa na ɓarna. Amma sau biyu anka tambaye shi."

Wuƙar ferewa ta daɗe da tsayawa a hannuna. Na ce, "Kaka, ba na randa ba ne. Na tukunya ne, yana tafasa."

Baba ya miƙe tsaye. Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Zauna, Ayuba. Saura wata biyar ruwa shi sauka. Da sai mun shuka munka gane, ni da kaina zan miƙa maka sanda."

Ta sa na ɗebo ƙwayar cikin tafin hannu, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye gefen randa. Kwana huɗu ina leƙawa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsaga ba, sai tsami da ya fara yi.

Ranar Kirsimeti mukan kai wa maƙwabta shinkafa da nama, kamar yadda suke kawo mana da Salla. Kaka ta ɗora mini kwanon gidan Malam Bawa, wani Bafulatani da ta taɓa ba irin nan shekarun baya. Ta ce da bakina zan faɗi abin da na yi, da bakina zan roƙa. Na durƙusa na faɗa. Malam Bawa ya yi dariya har ya share ido.

"Kai ɗan nan, dawa kad dahwa tun ba a shuka ba? Gobe sai ka yi wa shanuna wanka da ruwan zahi."

Ya shiga ɗaki ya fito da zangarniya uku, baƙaƙe kamar gawayi. "Ce wa Inna kayanta ne sunka dawo gida. Kai kuwa, riƙe su nesa da tukunya."

A daminar da ta biyo baya gonar ba ta cika ba, amma ba mu kwana da yunwa ba.

Yau hatsi nake saye da sayarwa a kasuwar Gummi, kuma babu wanda ya ba ni jari. Na san yadda hatsin da ya kwana shekara biyu da magani a buhu yake sheƙi, na san mai saye ido yake bi. Mutanen da tashin hankali ya koro daga Zugu da Adabka sukan zo neman iri idan sun ga alamar za su iya komawa gona. Wanda ya yi kasadar ransa ya hau babur ya je ya shuka, ba shi da damar shuka ta biyu. Shi ya sa kowane buhun da zan kira iri sai ya kwana huɗu a tsumma. Abokan sana'a suna cewa ina korar ciniki. Wani lokaci gaskiya suke faɗa.

Da farkon daminar bara wani dattijo ya ɗora hannu a kan buhun da ya fi haske ya ce shi yake so.

Na ce, "Baba, wanga na tuwo ne. Na gona sai ran kasuwa mai zuwa."

Ya tafi yana mita. Da ya dawo na warware masa tsumman, ya ga fararen saiwoyi sun sarƙe juna. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce wata tsohuwa ce da ta san amsa, amma ta haƙura ta jira na faɗa da kaina. Allah ya saka mata.