Baba Muntaka da Takardar da Ya Ƙi Sa wa Hannu

Idan ka tambayi masu kai burodi na Gyadi-Gyadi wane ne Baba Muntaka, za su ce maka mutumin nan ne da yake sa su tseren da na ƙarshe ke cinyewa. Uwani mai abinci cewa take bai taɓa cin shinkafarta da zafi ba, kullum sai ta huce yana can yana bin wani da gudu yana cewa ya saki birkin gaba. Faruk da ke kai magani kemis-kemis ya ce har yau in zai sha kwana muryar Baba yake ji a cikin hularsa. Akwai kuma waɗanda, har zuwa makon jiya, in an ambace shi sai su taɓe baki su ce tsohon nan ba a san cikinsa ba.

Ni faci nake yi a bakin filin da yake aiki a Tarauni, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mai jiran taya ba ya rasa zance, ni kuwa ba na katse mutum. Abin da na ji da wanda na gani zan rubuta, gwargwadon karatun da na samu da girma.

Kafin rana ta yi zafi yake isowa, da buhu ɗaure a bayan babur. A cikin buhun murafen bokitin fenti ne, kowanne ya zana masa alamar hanya da hannunsa: a tsaya, ba shiga, makaranta a gaba. Sai ya tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba, ya jera murafen, ya zauna jiran masu zuwa. Shekara ashirin ya yi yana acaba. Lokacin da aka ce kowa ya sa hular kwano, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna dariya, shi ta gaske ya saya, ya ɗaure igiyarta har haɓa. Da aka hana acaba abokansa suka koma Adaidaita Sahu, shi kuwa ya koma wannan fili yana koya wa mutane tuƙi. Da maganar lasisi ta tsananta, ƙungiyar masu kai kaya a babur ta unguwarmu ta yanke cewa ba wanda zai je ofis da sunanta sai Baba ya gwada shi ya sa hannu.

Gwajinsa ba irin na kowa ba ne. Yakan ce gudu ko akuya ta iya. Sai ya jera mutum biyar ya ce wanda ya riga isa bango ya faɗi, wanda ya sauke ƙafa ma ya faɗi. Na ga ƙattin da suka shekara goma a titi suna rawa a kan babur kamar ranar suka fara hawa. Daga nan ya koma bayan mutum, ya ɗaga yatsu, ya ce a faɗa masa nawa ne ta madubi, dama sannan hagu. Wanda ya cire madubi don gayu, gida zai koma ya ɗauko.

Baba, kai ne ka koya wa mutanen da ba su iya karanta sunansu ba karanta titi. Kai ne Faruk ya kawo wa hularsa a rabe biyu bayan ya yi hatsari a Unguwa Uku, ya ajiye a gabanka, ka juya ta kawai ka duba ko igiyar ta riƙe.

Amma ba don waɗannan na ɗauki biro ba.

Shekara uku da suka wuce, Isyaku ya zo gwaji. Abokin Baba ne tun zamanin acaba, tare suka yi layi a tasha, burodi yake kai wa shaguna daga Gyadi-Gyadi zuwa Babban Giji, da shi yake ciyar da mutum tara. Kowa ya ɗauka gaisawa kawai za su yi a sa hannu. Ina kallo daga rumfata Baba ya ɗaga yatsu ta dama, Isyaku ya faɗa. Ya koma hagu ya ɗaga, aka yi shiru. Ya sake. Sai ya ja shi gindin bishiya suka daɗe, Isyaku ya tashi babur ya tafi ba sallama.

Abin da aka faɗa a gindin bishiyar nan sai ranar Asabar da ta wuce muka sani, kuma da yardar Isyaku nake rubuta shi. Yanar ido ce ta rufe wa Isyaku idon hagu, ya fi shekara yana ɓoyewa, yana tsoron asibiti, yana tsoron mai gidan burodi ya ji ya karɓe babur. Ya roƙi abu biyu: a rufa masa asiri, a kuma sa masa hannu. Baba ya ce na farko ya ɗauka har kabari, na biyu kuwa ba zai iya ba.

Kafin sati ya zagayo magana ta cika unguwa, wai Baba Muntaka so yake ya kori Isyaku ya ba surukinsa layin burodin. A bencina na fara jin ta, daga bakin Isyaku. Ƙungiya ta kira zama, shugabanta Alhaji Audu ya ce Baba ya faɗi dalili ɗaya tak a wuce wurin. Baba ya ce bai gamsu ba ne kawai. Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba. Ran nan aka karɓe masa sa hannu aka ba wani, Isyaku ya samu takardarsa. Filin ya koma ba kowa. Duk da haka kullum sai Baba ya zo ya jera murafensa, sai dai yanzu a makare yake zuwa, wajen ƙarfe tara.

Ba a jima ba aka gano inda yake zuwa da safe. Duk inda Isyaku ya bi da akwatin burodinsa, Baba na bayansa ta hannun hagu, tazarar babur biyu. Mutane suka ce to ga shi nan, haddace shagunan yake yi wa surukin nasa. Wani ya taɓa tsayawa faci yana tsokanarsa, ya ce Baba yau nawa aka ƙirga, shago talatin ne ko arba'in? Baba ya ce masa ya duba tayarsa ta baya, ta yi sanƙo.

Wata bakwai ya yi a haka. Isyaku ya ce tun kwana na biyu ya gane. In mota za ta wuce shi ta hagu, sai ya ji hon sau ɗaya. In mai tafiya a ƙasa ne zai tsallako, sau biyu. A shataletale Baba kan matso ya tare masa gefen da jikinsa. Ba su taɓa gaisawa ba. Isyaku ya ce akwai safiyar da ya zagi Baba a danja, da aka ba da hannu suka tashi, ko minti biyu ba a yi ba ya ji hon sau biyu, ya taka birki, wata tsohuwa da tiren gyaɗa ta gifta ta gabansa. Bai gan ta ba sai da ta shigo idon dama. A satin ya je asibiti aka sa masa ranar aiki. Ido ya buɗe, Baba ya daina binsa, amma Isyaku bai janye maganarsa ba. Ya ce kullum yakan ce gobe.

Na sha jin labarin masu haƙuri. Ban taɓa zama kusa da mutumin da kalma ɗaya za ta wanke shi, yana da ita a baki, ya haɗiye ta shekara uku ba. Baba Muntaka, ban san yadda ka yi ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma da za a damƙa wa biro ku sa wa mutum hannu ya hau titi, ku tuna ba shi kaɗai ne a titin ba, kuma ƙin sa hannu ba ya nufin an yar da shi.

Gwiwa ce ta sa Baba ya ajiye aiki. Ranar Asabar, bayan la'asar, Faruk ya tara mutane a filin don yi masa ban kwana, ba su kai talatin ba. Aka yi addu'a, Uwani ta raba lemo, ana shirin tashi sai ga Isyaku. Ya kashe babur, ya cire hula, ya tsaya tsakiyar mutane ya ba da labarin nan tun daga gindin bishiya, bai rage komai ba. Alhaji Audu ya sunkuyar da kai. Baba ya yi ta yi masa alama da hannu ya bari, yana cewa a hankali, ai ya wuce, ai ya wuce.

Isyaku ya ce, "Bai wuce ba, Yaya. A bainar jama'a na ɓata ka, a bainar jama'a zan faɗa." Ya durƙusa a gabansa, ya yi magana har mu da ke bakin titi muka ji. "Ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."