Jan da Ba na Lalle Ba

Iya Kande, kakata ta wajen uwa, ba kullum take yi mana tatsuniya ba. Sai ran da ta ƙunsa lalle a ka. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya: in ba ta sussuka tana kaɗi, in ba ta kaɗi tana faɗa da awaki. Amma in ta kwaɓa garin lalle da ruwan tsamiya, ta bi furfurarta da shi tsaga-tsaga, ta rufe da ganye ta ɗaure da tsumma, to ta kamu. Ba ta sunkuyawa kada ya gangaro mata ido, ba ta leƙa waje kada maza su gan ta. Sai ta zauna a bakin murhu bayan magariba, wuya a miƙe kamar an ɗora mata tulu, mu jikoki mu kewaye ta. A Ɗanzomo ne wannan, shekarun da aka fara ganin Nasara a Gumel, ina 'yar bakwai ko takwas.

Mukan tsokane ta. "Iya, gobe kanki zai tashi ja kamar na zakara."

"Gara nawa," in ji ta. "Ku ko kwana uku na ƙunsa muku ba abin da zai fito. Lalle ba ya nuna kansa a baƙin gashi, sai wanda ya riga ya koɗe. Ke mai kai kamar gindin tukunya, iza mana wutar nan."

Ni ce mai kai kamar gindin tukunya. Na iza kara, ta gyara murya.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

"Mun matsa, ta zauna!"

Wai an yi wata mata mai 'ya'ya biyu, a shekarar da damina ta ƙi. Rumbunta ya ƙare, ba ta gaya wa kowa ba. Daga tuwo aka koma kunu, daga kunu aka koma ruwan dusa. Sai gashin yaran ya yi laushi, ya fara komawa ja-ja, irin jan da kowace uwa ta san ma'anarsa. Kunya ta kama ta. Akwai ɗan itacen lalle a bayan ɗakinta, ta tsinko ta daka ta ƙunsa musu. Maƙwabta suka gani suka ce, "Kai, wance akwai son kwalliya!" Ran da mai gari ya buɗe rumbu aka bi gidajen masu yunwa da ƙwarya, aka wuce ƙofarta. Wa zai kai sadaka gidan da ake ado?

Duk sa'ad da ta tsinki ganye, itacen sai ya yi waƙa. Iya ta hanci take rera ta, don ba ta son motsa kai:

"Tsinke ni, tsinke ni, uwar yara,
Na rufe kai, ban rufe ciki ba."

Kuma duk ganyen da ta tsinka, reshe biyu ke fitowa a gurbinsa. A haka lallen ya zagaye gidan, ya toshe ƙofa, ba shiga ba fita.

Wata Bafilatana mai tallan nono ta zo wucewa, ta leƙa ta tsakanin rassa, ta ga kawunan yaran. Ta ce, "Uwar gida, wannan jan akwai wani a ƙarƙashinsa. Faɗi abin da ke damunku, shingen zai ba ni hanya." Matar ta ce, "Lafiya lau muke." Kashegari ma haka. A rana ta uku ƙaramin bai tashi daga tabarma ba. Sannan ta buɗe baki ta ce, "Yunwa muke ji." Nan take lallen ya dare, ƙwaryar nono ta shiga, babbar ta sha ta rayu.

"Ƙaramin fa, Iya?"

"Na ce muku babbar ta rayu. Nan ta tsaya, ƙaryar cikinta ɓera ya kwashe. Ku tashi, an kira lisha."

Ba mu son wannan tatsuniyar. Ba abin dariya a ciki, kuma matar haushi take ba mu. Kalma uku kawai, ta kasa faɗa? Ni har cewa na yi da ni ce, tun ranar farko zan yi ihu.

Iya ta daɗe da rasuwa. Ni kuma ga ni a Gagarawa, gidan miji, cikin kulle, ban taka ƙofar zaure ba tun ran da aka kawo ni. Ina da yarinya ɗaya, 'yar fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban surukata, in ta yi kuka a tsakar gida kawar da kai nake yi. Ba ta kai yaye ba na sami wani cikin, na cire ta daga nono a ɓoye, don abin kunya ne a ji. Kunu nake ɗura mata, tana tofarwa. Ƙafafunta suka fara kumbura. Gashinta da ke da cika ya zama kamar gezar masara.

Ban yi ihu ba. Akwai lalle a gindin dangar surukata. Na tsinka, na shanya a ƙarƙashin gado, na niƙa, na ƙunsa mata. Ina yi ina ce wa kaina ai ba zai kama ba, yarinya ce, gashinta baƙi ne, idona ne kawai ke ruɗa ni. Da na kwance na wanke, ya kama. Ya kama ja wur, kamar na tsohuwa mai furfura. Na zauna a ƙasa. Ubanta ya shigo ya yi dariya ya ce, "A'a, yau amarya aka yi mana?" Na yi murmushi.

Yanzu na san matar nan ba wawuya ba ce. Ba ganye ne ya toshe mata ƙofa ba. Duk ranar da ta ce lafiya lau, faɗin gaskiyar gobe ya ƙara nauyi, don sai ta haɗa da amsa ƙaryar jiya.

Yau da hantsi surukata tana tsince wake a inuwa. Na ɗauko yarinyar a kafaɗa, a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa.

"Inna, Hauwa ba ta da lafiya."

Ta ɗago da sauri. Ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Ta dubi kan yarinyar, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Sannan ta dubi cikina.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Wata biyu, muna gida ɗaya, ina ba ki gishiri kina ba ni wuta."

Ta ture faifan, ta karɓi yarinyar, ta goya, ta ce akwai ruga a hanyar Maigatari, akwai tsohuwar da ta san kan irin wannan, shanunsu kuma suna da nono. Na bi ta har bakin zaure. Nan iyakata. Ta fita, ina jin takunta har ya ɓace. Ga la'asar ta yi, ban ɗora tukunya ba, ina tsaye a inda ta bar ni.