Ranar da na shiga zauren Alhaji da takalmi

Shekara tara na yi a wani injin gyaran shinkafa da ke bakin hanyar Roni, in ka fita daga Kazaure. Aikina zuba shanshera a bakin inji. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, wannan ma ina rubutawa ina gogewa.

Bel ɗin injin ba shi da murfi, kowa ya sani. Ranar da ya kama hannun wani mutumin 'Yankwashi ya cire masa yatsu biyu, ni na ɗaure hannun da ƙyallen da nake rufe hanci da shi. Aka kai shi asibiti, aka wanke jinin, bayan la'asar inji ya tashi.

Muna da ƙungiyar ƙwadago, amma ta kati ce. Sakataren reshe yakan zo jefi-jefi, ya sha lemo da manaja ya koma. Wanda ya ɗauki abin da zafi makanikenmu ne, mutumin Ɓaɓura, wanda ya yi aiki a masaƙa a Kano har ta mutu. Kwamared yake ce wa kowa, har mai shayi, shi ya sa sunan ya koma kansa. Ɗan gurguzu ne, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma salla ba ta wuce shi. In an tashi cin abinci sai ya zauna gindin darbejiya da jar hularsa da ta koɗe, ya ce inji na masu juya shi ne.

Wani ya ce, "To Kwamared, in namu ne a kwance mini ƙarfe ɗaya in kai gida."

Ya yi dariya tare da mu, sannan ya ce, "Ƙungiya ba kati ba ce, makaranta ce. Murfin nan haƙƙinku ne. Amma muddin a durƙushe kuke nema, roƙo kuke yi."

Muka yanke shawara mutum biyar za su je gidan Alhaji mai inji ranar Juma'a da safe, lokacin da yake karɓar gaisuwa a zaure. Ba mai cire takalmi, ba mai durƙusawa, ba mai cewa ranka ya daɗe. Ni aka sa a gaba saboda bakina ba ya kwana. Kwamared bai je ba, manaja ya aike shi Kano sayo kayan gyara.

Na yi sallama na shiga, na taka dardumar da takalmina, na tsaya. Alhaji sa'an mahaifina ne, da shi aka kai mahaifina makwanci. Ga liman a gefensa, ga dattawan unguwa. Na faɗi maganar yatsu, na faɗi maganar murfi. Ba wanda ya dubi fuskata, ƙafata suke kallo. Da na waiwaya, mutanena huɗu suna durƙushe, takalmansu a jere a bakin ƙofa. Daga baya ɗayansu ya rantse mini bai san lokacin da ya cire ba. Na yarda da shi. Tun muna yara ƙafarmu ta saba.

Alhaji ya ce, "Ɗan wane ne wannan?" Ya sani sarai. Aka faɗa masa. Ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka, mutum ne mai ladabi." Ya juya ga huɗun nan ya ce ya ji, za a duba.

Washegari mai gadi ya tare ni a ƙofar injin. Ya ce, "Yi haƙuri yaya, an ce kar ka shiga."

Na nemi sakataren ƙungiya a waya, sai a kira na uku ya ɗauka. Ya ce, "Malam, da a kan murfi aka kore ka, da mun shiga. Kai takalmi ka kai. Wannan siyasar 'yan gurguzu ce, ba ta cikin tsarinmu."

Kwamared da ya dawo ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce ni ne ma'aikaci na gaske, tarihi ba zai manta da ni ba.

Na ce, "Tarihin yana ɗaukar lebura?"

Ba zan zalunce shi ba, ya yi ƙoƙari. Ya kira yajin aiki, mutum uku suka tsaya, kafin azahar suka koma. Ya rubuta takarda ya kai wa abokan aƙidarsa a Kano, suka karanta a taro suka tafa. Su suna da magana ba su da ma'aikata, ƙungiya tana da ma'aikata ba ta son magana. Shi ba a kore shi ba, don ba wanda ya iya injin kamarsa.

Matata ta ce, "Malam, takalmin nan fa na roba ne. Da ka cire, me zai ragu a jikinka?"

Labari ya riga ni zuwa ko'ina. A Kazaure cewa ake na taka dardumar dattijo. Kafin ya kai Roni an ce na daina salla. Duk injin da na je, sai a dubi ƙafata a ce babu gurbi. Yanzu dako nake a kasuwannin ƙauye, bayana kuma ya fara ƙi.

Bara na koma gidan Alhaji. Tun daga bakin titi na cire takalmi na riƙe a hannu. Na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, na tuba. Ya sa mini albarka, ya ce ya yafe tuntuni. Na yi maganar aiki, ya ce an cike wurin.

A hanyar gida na biya ta injin, na leƙa ta kan katanga. An rufe bel ɗin da guntun tsohon kwano, an ɗaure da waya. Mai gadi ya ce Kwamared ne ya ɗaura da kansa, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Na sa takalmina na wuce.